Darasi: Tambayoyi Biyar Kafin a Ba da Magani

'Yan'uwa, maganin da ke warkarwa shi ne ke kisa idan aka ba da shi ba daidai ba. Shi ya sa ake koya wa kowace nas ta yi wa kanta tambayoyi biyar kafin ta miƙa ƙwaya ko ta yi allura. Darasin nan na ma'aikatan ɗakin magani ne, amma ya shafi kowace uwa, domin a gida ake ƙarasa shan magani.

1. Wane ne mai maganin? A kira sunansa, a duba katinsa. Maganin Baba ba na jikansa ba ne, ko da ciwon ya yi kama. Kada a ba yara asfirin. A kuma tambaya ko wani magani ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburi.

2. Wane magani ne? A karanta sunan, a duba ranar ƙarewar aikinsa da lambar NAFDAC. Ƙwayar da aka ƙulle a leda ba suna, a bar ta. A 2008, maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya kashe yara sama da 80 a Najeriya.

3. Nawa za a ba shi? Nauyin yaro ake bi, ba ƙiyasin ido ba. Misali Coartem na zazzaɓin cizon sauro: yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya a kowane sha, kilo 15 zuwa 24 ƙwaya biyu, kilo 25 zuwa 34 ƙwaya uku, daga kilo 35 ƙwaya huɗu. Maganin ruwa kuwa a auna shi da murfinsa, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba.

4. Yaushe za a sha? Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku: na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma, tare da abinci ko nono. Idan yaro ya yi amai cikin rabin awa, a sake ba shi, a koma a karɓi cikon. Ko jiki ya yi sanyi a rana ta biyu, a shanye duka. Farasitamol kuma kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya.

5. Ta wace hanya? Da yawanmu mun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi, har mukan matsa wa ma'aikaci lamba. Muddin mara lafiya yana iya haɗiya, yawanci ƙwaya ta isa. Allurar da aka yi wa wani da ita tana yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau, wadda aka soka ba daidai ba a ɗuwawu kuma tana iya shanye ƙafar yaro. In allurar ta zama dole, a buɗe sabon sirinji a gabanku.

Bayan an bayar, ma'aikaci ya rubuta abin da ya bayar da lokacin. Ya kuma sa uwa ta maimaita bayanin da bakinta kafin ta tafi. Uwa, kada ki ji kunyar tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Don tattaunawa a taronku:
a. Me ya sa mutane ke daina shan magani kafin ya ƙare?
b. A ina kuke ajiye magani a gida, hannun yara yana kaiwa?
c. Wa zai karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba?