Gocewar Gaɓa da Rauni: Abin Yi Kafin a Kai Likita

A watan azumin bara, wani ɗan ajinmu ya faɗi kan hannunsa a filin ƙwallo, kafaɗarsa ta goce. Kafin mu ankara manyan samari biyu sun riƙe shi, wai za su ja hannun ya koma. Allah ya sa malam na kusa, ya daka masu tsawa. Tun ranar muka shiga tambayar ma'aikatan lafiya, ga abin da muka samo.

Gocewa ita ce kan ƙashi ya fita daga gurbinsa a gaɓa. Daban take da targaɗe, inda jijiya ce ta miƙe ko ta yage amma ƙashi na wurinsa. Kafaɗa ta fi kowace gaɓa saurin gocewa, don gurbinta ba shi da zurfi. Za ka ga siffar wurin ta canja, ya kumbura, mutum ya kasa motsa shi. To me ya sa ba a ja? Domin sau da yawa akwai karaya tare da gocewar, ido kuma ba ya ganinta sai hoto. Ga hanyoyin jini da jijiyoyi kwance a gefen gaɓar. Ja da ƙarfi na iya tsinka su, hannu ya shanye har abada. Muna girmama masu ɗori na unguwa, amma a ganinmu a fara ɗaukar hoto tukuna.

Abin yi kaɗan ne. A bar hannun yadda aka same shi. A naɗe ɗankwali ko rawani a rataye shi a wuya, a sa tsumma mai taushi tsakaninsa da ƙirji. A cire zobe da agogo tun kumburi bai hana ba. Ƙanƙara kuwa, a naɗe ta cikin ƙyalle, a ɗora minti 15 zuwa 20, ba kan fata kai tsaye ba. Kada a ba shi abinci ko ruwa, don mai yiwuwa a yi masa allurar barci. In yatsu sun yi sanyi, ko ya ce ba ya jin su, to maganar ta zama ta gaggawa. Kuma ku yayye, ku daina fizgar ƙannenku da hannu ɗaya in za a tsallaka titi: gwiwar hannun yaro ƙasa da shekara 5 tana zamewa da irin wannan fizgar.

Sai rauni. Wanke hannunka, ka sami ƙyalle mai tsabta ka danne wurin sosai minti 10, ba ɗagawa ba leƙe. In jini ya jiƙa shi, ƙara wani a kai, kada ka cire na farko. Ɗaga wurin sama da ƙirji in babu karaya. In jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta, a sa sabulu a gefe, a rufe. Kwalba ko ƙarfe da ya nutse cikin nama ba a zare shi. A tokare gefensa da tsumma a tafi da shi haka.

Toka, ƙasa, garin taba, man birki, kashin shanu, duk mun ga ana zubawa a ciwo. A daina. Ƙwayar tetanos a ƙasa da kashin dabbobi take zama, ita ce ke sandarar da haɓa da jiki, tana kuma kisa. Wanda ya taka ƙusa, ko da ramin ƙanƙane ne, ya je a duba ko yana bukatar allura. Cizon kare kuwa, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, sannan a nufi likita ranar nan, saboda haukan kare in alamunsa suka bayyana ba ya jin magani.

Raunin da ya buɗe baki yana son ɗinki, kuma cikin ƴan awoyi ake so. Wanda bayan kwana biyu ya yi ja, ya yi zafi, yana ruwa ko ya kawo zazzaɓi, a koma da shi. In hatsari babba ne a nan Nijar, lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.