Maganin Da Ke Kashe Fatalwa

Ina so in yi bayani a kan wata doka ta wasannin kwamfuta irin na tatsuniya, watau waɗanda mutum ke zama jarumi ya shiga daji ko kogo ya yi yaƙi da dodanni. Na koyi wasan ne a wurin yayana lokacin hutu a Kebbe, domin a makaranta ba a bar mu da waya ba.

Kowane jarumi yana da lambar rai. In an sare shi lambar ta ragu, in ta kai sifiri ya faɗi. Saboda haka yakan riƙe kwalaben magani a jaka. A ce ransa 100 ne, aka sare shi ya koma 40, in ya sha kwalba mai ƙarfin 50 sai ya koma 90.

To, akwai waɗansu halittu a wasan waɗanda sun mutu amma suna yawo, kamar fatalwa da ƙwarangwal. Iyaye kada ku damu, tatsuniya ce kawai irin ta Gizo da Ƙoƙi, mun san mamaci ba ya tashi sai ranar kiyama. Su waɗannan lissafinsu a juye yake. Ƙwarangwal mai rai 40 in ya sha waccan kwalba, ba tarawa za a yi ba, ɗebewa za a yi, sai ya wargaje nan take. Dalili kuwa shi ne, masu tsara wasan sun ce ƙarfin mutuwa ne ke riƙe da shi, magani kuwa ƙarfin rai ne, sai su ci juna kamar wuta da ruwa.

Irin waɗannan wasanni sun samo asali daga Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ana yin sa da takarda da fensir da ɗan lido. A bugunsa na shekarar 2000 an rubuta dokar a fili, cewa sihirin warkarwa yana cutar da matattu. A wasan Final Fantasy VI na Japan, na 1994, akwai wani jirgin ƙasa na fatalwa mai wuyar kayarwa, amma in ka jefa masa gashin tsuntsun da ake tayar da jarumi da shi, sai ya mutu gaba ɗaya. Ni dai a ganina wannan ya yi sauƙi da yawa, kamar a ci mutum a dara tun bai zauna ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne Divinity: Original Sin II, na kamfanin Larian na Beljiyam, 2017. A nan kai kanka kana iya zama ƙwarangwal mai suna Fane. Guba ce maganinsa. Abokansa suna sayen kwalbar warkarwa, shi yana tara ta guba, kuma in abokan gaba suka watsa guba a ƙasa, kowa ya gudu, shi ya taka ya ƙara lafiya. Haɗarinsa daga masoyansa yake zuwa, domin abokin da ya gan shi ya jikkata ya yi masa sihirin warkarwa cikin gaggawa, to ya ƙarasa shi. Har fuskarsa ma sai ya rufe kafin ya shiga gari, in ba haka ba mutanen kasuwa su watse.