Ƙashin Mace Bayan Yankewar Haila

Duk wanda ya zauna a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ya san wata dattijuwa wadda a da take ɗauko dami daga gona tana tafe a miƙe kamar kara, amma yau bayanta ya ranƙwafa, tsawonta ya ragu, har wata rana santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, faɗuwar da yaro zai yi ya tashi yana dariya, ita kuwa ta kwanta da karayar ƙugu. Mutane sukan ce tsufa ne, kuma gaskiyarsu, domin ko Annabi Zakariyya, Alaihissalam, ya ambaci raunin ƙashinsa a Suratu Maryam. Sai dai wannan rauni yana da sababi, kuma sanin sababin yana daga cikin neman magani da shari'a ta yi umarni da shi.

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo, kamar yadda magidanci yake yaɓe katangarsa bayan kowace damina. Abin ginin shi ne wani sinadari da likitoci suke kira kalsiyam, wanda kashi 99 cikin 100 na abin da ke jikin mutum a ƙashi da haƙora yake. Daga ƙuruciya har wajen shekara 30 gini ya fi rushewa yawa. A jikin mace kuwa akwai sinadarin istirojin, mai tsare wannan gini. Idan haila ta yanke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, sai ya ragu ƙwarai, rushewa ta rinjayi gini, musamman a shekarun farko, cikin ƙashi ya zama rami-rami kamar itacen da gara ta ci, alhali mai shi ba ta jin zafin komai sai ranar da ya karye. Wuyan hannu, da ƙugu, da gadon baya su ne suka fi karyewa.

To, daga ina mace za ta samo abin gini? Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa wadda ta wuce shekara 50 tana bukatar miligiram 1,200 na kalsiyam a yini, na Ingila kuwa suka tsaya a 700. Masara da dawa da gero, waɗanda Allah ya albarkaci ƙasar Funtuwa da su, suna ƙosarwa suna ba da ƙarfi, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. A Jos likitoci sun binciki yara masu gwame da bakan ƙafa, suka buga sakamakon a 1999, suka tarar kalsiyam ɗin abincinsu kimanin miligiram 200 ne kawai a yini, kuma da aka ba su kalsiyam sai ƙasusuwansu suka warke fiye da na waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Tukunyar da yaro yake ci, ita kakarsa take ci.

Kofi ɗaya na madara ko nono yana da kusan miligiram 300, saboda haka fura da nono ta cancanci tsohuwa fiye da kowa a gida. Na san satar shanu da rashin zaman lafiya sun tarwatsa rugage da yawa a waɗannan garuruwa, nono ya yi tsada, kuma ba ƙaramin baƙin ciki ba ne a ce wa mace ta sha abin da ba ta da kuɗinsa. Amma Allah bai rufe ƙofa ba: kuka, da zogale, da alayyafo, da riɗi, da tamba, da wake, da ƙananan kifi busassu waɗanda ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya, duk suna ɗauke da shi. Abin takaici, a gidaje da yawa tsohuwa ita ce mai cin ƙarshe, tana tura wa jikoki rabonta; wajibi ne a kan 'ya'yanta su lura da kwanonta. A kuma sani, kanwa ba kalsiyam ba ce. Haka nan farar ƙasa, wadda Ƙanƙara ta yi suna da ita kuma wasu mata suke ɗanɗana, ba ta gina ƙashi, hasali ma takan hana jiki amfana da sinadarin ƙarin jini.

Kalsiyam ba ya shiga jini sosai sai da bitamin D, wanda fata take ƙerawa idan rana ta taɓa ta, kuma baƙar fata ta fi bukatar lokaci. Matar da ke kulle, ko takaba, ko jinya, ba sai ta fita waje ba. Ta zauna a tsakar gida da hantsi, hannuwanta da ƙafafunta a buɗe, ba tare da ta saɓa wa sutura ba tunda cikin gidanta take.

Sai maganar ƙwayoyin da ake sayarwa a kemis da kasuwa, ana cewa na ƙarfin ƙashi ne. A Amurka an jarraba su a kan mata sama da 36,000 da haila ta yanke musu, rabinsu suna shan miligiram 1,000 na kalsiyam da bitamin D kullum, kimanin shekara 7. Da aka bayyana sakamako a 2006, ƙashin ƙugunsu ya ɗan ƙara kauri, amma karaya ba ta ragu yadda aka yi tsammani ba, tsakuwar ƙoda kuwa ta ƙaru. Sai dai a yi adalci: waɗancan mata da yawansu suna samun isasshen kalsiyam tun farko, namu kuwa da yawa ba sa samu, don haka mai yiwuwa wata ta amfana. Hukuncin wannan yana hannun ma'aikacin lafiya, ba mai talla da lasifika ba. Wadda aka rubuta wa, ta duba lambar NAFDAC a jikin kwalba, ta sha tare da abinci, kada ta wuce miligiram 500 a sha ɗaya, kada kuma ta haɗa shi lokaci guda da maganin ƙarin jini. Mai ciwon ƙoda ta faɗa tun kafin a rubuta.

Akwai ƙwayar da nake roƙon mata su guje mata, wato irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi. Sukan kwantar da ciwo nan take, amma wadda ta daɗe tana sha suna cinye ƙashinta, kuma ba a yanke su farat ɗaya sai da shawarar likita.

Ƙashi yana ƙarfi da aiki, saboda haka kada tausayi ya sa a zaunar da dattijuwa wuri ɗaya. Ta yi tafiya, ta yi shara, ta ziyarci 'yan'uwa. A gyara mata makewayi da wurin alwala don kada gansakuka ta kama, a ajiye mata tocila kusa da shimfiɗa saboda tashin asuba, a kai ta a duba idonta. In kuwa ta faɗi ta kasa taka ƙafa, ko bayanta ya ɗauki ciwo mai tsanani kwatsam, a kai ta babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa a ɗauki hoton ƙashin kafin a kira mai ɗori, domin karayar ƙugu tana can ciki inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma sau da yawa sai an tura ta asibitin Shika ko na Katsina an yi mata aiki.