Tsarin Torrens: Yadda Hukuma Ke Lamunce Mallakar Ƙasa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ko ƙofar fadar dagaci ya san cewa a rikicin ƙasa tambaya guda ce ake ta juyawa: wannan gona ko wannan fili na wane ne, kuma ina shaida? Wannan darasi zai duba amsar da aka ba wannan tambaya a Ostiraliya ta Kudu cikin shekarar 1858, amsar da daga bisani ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har ta iso Afirka ta Yamma. Ana kiran ta tsarin Torrens, da sunan mutumin da ya tsaya a kanta har ta zama doka.

Tsohuwar hanya: salsalar takardu

Kafin a fahimci gyaran, wajibi ne a san abin da aka gyara. A dokar Ingila, wadda Turawa suka tafi da ita duk inda suka kafa mulki, shaidar mallakar fili ita ce tarin takardun cinikin da aka yi a kansa tun daga farko. Idan Audu ya sayar wa Bala, Bala ya sayar wa Cindo, Cindo kuma ya bar wa 'ya'yansa gado, to mai son saye daga hannun magadan sai ya bi kowace takarda ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar da ingancinta. Dalili kuwa shi ne wata ƙa'ida ta shari'a wadda ke cewa mutum ba ya iya bayar da abin da bai mallaka ba. Saboda haka in aka gano cewa takardar da Bala ya riƙe ta jabu ce, duk cinikin da ya biyo bayanta ya rushe, ko da mai sayen ƙarshe bai san komai ba, ko da ya riga ya gina gida ya tara iyali a ciki.

Ɗalibin da ya karanta ilmin hadisi zai gane wannan nan da nan, domin kamar isnadi ne: rauni a wuri guda yana raunana salsalar baki ɗaya. A Ingila, kafin 1874, al'ada ita ce lauya ya bi salsalar fili har shekara 60 baya. Aikin yana cin lokaci, yana cin kuɗi, kuma duk sa'ad da filin ya sake canza hannu sai a sake shi daga tushe. Takarda kuwa abar lalacewa ce. Gobara, ruwa da gara duk abokan gabanta ne.

An kafa mulkin Turawa a Ostiraliya ta Kudu a 1836, kuma a 1837 mai awon ƙasa William Light ya yanka birnin Adelaide fuloti-fuloti. Cinikin filaye ya kankama da zafi, masu saye don su sayar suka yi yawa, wasu masu filayen ma suna zaune a Ingila ba su taɓa taka ƙasar ba. Cikin shekara ashirin sai takardu suka cakuɗe, har ya zamana kuɗin binciken lauya kan ƙaramin fili yakan yi wa talaka nauyi ƙwarai.

Mutumin da dokarsa

An haifi Robert Richard Torrens a birnin Cork na ƙasar Ayalan, ya isa Adelaide a 1840, ya riƙe shugabancin kwastan na yankin shekaru da dama. Shi ba lauya ba ne, kuma wataƙila wannan ya taimake shi, domin bai saba da tsohuwar hanyar ba har ya ɗauke ta dole. A aikin kwastan ya ga yadda ake rajistar jiragen ruwa: kowane jirgi yana da shafinsa a littafin hukuma, wanda sunansa ke shafin shi ne mai jirgi, in an sayar sai a sauya sunan. Sai ya yi tambaya mai sauƙi: in ana iya yi wa jirgin da ke yawo a teku haka, me zai hana a yi wa ƙasar da ba ta motsi?

An zaɓe shi majalisar dokoki a 1857, ya gabatar da ƙudurinsa, aka sa masa hannu ya zama doka a watan Janairu na 1858. Lauyoyi sun yi adawa mai tsanani, abin da ba zai ba kowa mamaki ba tun da binciken salsala hanyar abincinsu ce. Masana tarihi har yau suna muhawara kan yawan gudummawar da wani masanin shari'a Bajamushe, Ulrich Hübbe, ya bayar, domin ya san irin littattafan ƙasa da ake amfani da su a birnin Hamburg. Ko ma yaya rabon yabon yake, Torrens ne ya ja ragamar siyasar, ya kuma bar kujerarsa ta majalisa ya koma shugaban ofishin rajistar don ya aiwatar da dokar da hannunsa. Queensland ta karɓi tsarin a 1861, Victoria da New South Wales a 1862, Niyu Zilan a 1870.

Madubi, labule da lamuni

A ƙarƙashin wannan tsari kowane fili yana da shafi guda a littafin hukuma, mai ɗauke da lambarsa, taswirarsa, sunan mai shi, da duk wani nauyi da ke kansa, kamar jingina ga banki, haya mai tsawo, ko hakkin maƙwabci na bin hanya ta ciki. Jigon al'amarin shi ne cewa shigar da suna cikin littafin ita ce ke haifar da mallaka. Takardar ciniki da shaidu suka sa wa hannu ba ta mayar da fili ga mai saye sai ranar da aka rubuta shi a shafin.

Wani jami'in rajistar ƙasa na Ingila, Theodore Ruoff, ya taƙaita tsarin cikin ƙa'idoji uku a shekarun 1950, kuma da su ake koyar da shi har yanzu. Ta farko ita ce madubi, watau littafin ya nuna halin da fili yake ciki daidai, ba ragi ba ƙari. Ta biyu ita ce labule: mai saye ba ya bukatar leƙa abin da ya wuce, domin shafin ya yanke salsalar. Ta uku, wadda ita ce ƙashin bayan sauran, ita ce lamuni. Hukuma ta ɗauki alkawarin cewa abin da ke littafinta gaskiya ne, kuma in wani ya rasa filinsa saboda kuskuren ofis ko zambar wani, za a biya shi diyya daga wani asusu na musamman, wanda ake tarawa daga ɗan kason da masu rajista ke biya.

A nan ne darasin ya fi bukatar natsuwa, domin lamunin yana da ɗaci. Wata shari'a da ta taso daga Niyu Zilan a shekarun 1960 ta nuna haka. Miji da mata sun mallaki gona tare. Matar ta ƙwaƙwayi sa hannun mijin ta jinginar da gonar ta karɓi bashi, aka shigar da jinginar cikin littafi. Da bashin ya gagara biya, masu bin bashin suka sayar da gonar ga wani mutum wanda bai san da zambar ba, shi ma aka rubuta sunansa. Mijin ya kai ƙara har kotun ɗaukaka ƙara ta ƙarshe da ke Landan, ita kuwa ta yanke cewa gona ta mai saye ce. A tsohuwar hanya da mijin ne zai ci, tun da takardar jabu ba ta haifar da hakki. A sabuwar hanya abin da ya rage wa irinsa shi ne neman diyya. Watau akwai mutum biyu marasa laifi da gona ɗaya, doka ta zaɓi ta ba ɗaya ƙasa ta ba ɗaya kuɗi. Ga ɗan kasuwa wannan daidai ne. Ga manomin da kakanninsa ke kwance kusa da gonar, da wuya kuɗi su maye masa gurbinta, kuma wanda ya ce bai ga zalunci a ciki ba bai duba da kyau ba. Sai dai a lura, kariyar ba ta rufe wanda shi da kansa ya yi zambar ko ya haɗa baki a ciki; irin wannan kotu tana soke sunansa.

Inda kimiyya ta shigo

Littafi ba ya da amfani in ba a san wane yanki na doron ƙasa kowane shafi yake nufi ba. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da tasa dabarar: yakan shuka gamba a kan iyaka, ko ya kafa shingen aguwa ko bini-da-zugu, musamman a gefen burtali, domin dabbobi ba sa cin waɗannan biyun saboda gubar da ke jikinsu, ga shi kuma reshensu yana kamawa da an dasa. Iyaka ce mai rai, amma mai rai yana mutuwa, ana kuma iya tumɓuke shi cikin dare. Mai safiyo yana amfani da lissafin kusurwa uku: in an san tsawon gefe ɗaya da kusurwoyi biyu, ana iya fitar da sauran ɓangarorin ba tare da an taka su ba. A yau na'urorin da ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam suna ba da matsayin wuri da kuskuren da bai wuce 'yan santimita ba.

Abin sha'awa shi ne, zaton cewa ƙasa ba ta motsi bai cika daidai ba. Farantin da nahiyar Ostiraliya ke kai yana gusawa arewa maso gabas kimanin santimita 7 kowace shekara. Tsakanin ma'aunin taswirar ƙasar na 1994 da na 2020, lambobin kowane wuri sun sauya da kusan mita 1.8. Filaye ba su shiga juna ba, tun da duka tare suke tafiya, amma dole aka sabunta lambobin. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa alamar da aka kafa a ƙasa take da nauyi a shari'ar iyaka har yanzu.

Waɗanda littafin bai gani ba

Shafin farko na kowane fili a Ostiraliya ya faro ne daga kyauta ko sayarwar gwamnatin Turawa. Mutanen Kaurna, waɗanda ke zaune a filayen Adelaide dubban shekaru kafin zuwan jirgin farko, ba su samu shafi ba, labulen kuma ya rufe su tare da sauran abin da ya wuce. Sai a 1992, a shari'ar Mabo, babbar kotun ƙasar ta yarda cewa 'yan asalin ƙasar suna da hakkin gargajiya, kuma ko a nan hakkin bai tsira ba a wuraren da aka riga aka mallaka wa wasu. A Kenya ma, inda aka yi rajistar gonaki da yawa tun daga shekarun 1950, sau da yawa sunan maigida kaɗai aka rubuta, mata da ƙanne suka zama ba su da komai a idon doka. Bugu da ƙari, da masu sunan suka rasu, magada da yawa suka raba gonaki bisa al'ada ba tare da komawa ofis ba, madubin ya ci gaba da nuna fuskar matattu. Ruwanda ta yi ƙoƙarin kauce wa wannan tsakanin 2009 da 2013, inda ta yi amfani da hotunan sama da mutanen ƙauye da aka horar, aka shata filaye fiye da miliyan 10 a bainar jama'a, ana rubuta sunan miji da na mata tare.

Ba ko'ina tsarin ya yi nasara ba. Gundumar da birnin Chicago yake ciki, wadda gobarar 1871 ta cinye mata takardun ƙasa, ta karɓe shi a 1897, amma aka soke shi a shekarun 1990. Yawancin Amurka ta zauna kan tsohuwar hanya, kamfanonin inshora ne ke sayar wa mai saye lamunin da hukuma ba ta bayarwa.

Nijar da Nijeriya

Faransa ta kwaikwayi tsarin Torrens a ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma ta dokokin 1906 da 1932, kuma daga nan ne takardar mallaka ta dindindin da aka sani a Nijar ta samo asali. Ta fi yawa a birane, domin tsadarta da wahalar samunta sun fi ƙarfin manomi. Dokar karkara ta 1993 ta buɗe wata ƙofa: ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin ƙasa masu ba da takardun shaida na gado, saye, aro ko jingina, ta kuma ambaci hakkin makiyaya a yankunan da suka saba zama.

A Nijeriya kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da ya yi kama da tsarin da Arewa ta sani tun 1910. Abin da mutum ke riƙewa shi ne hakkin zama da amfani, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ko jinginar da shi yana bukatar amincewar gwamna. Mutane da yawa suna ɗaukar takardar shaidar mallaka da gwamna ke sa wa hannu tamkar shafin Torrens, alhali akwai bambanci babba. Kotun Ƙoli ta sha yanke cewa takardar hujja ce ta farko kawai, tana faɗuwa in wani ya tabbatar da hakkin da ya riga ta. Ga manomin da aka yanka gonarsa aka ba wani, wannan kariya ce. Ga mai saye da banki kuwa, yana nufin labulen bai rufu ba, sai an bi salsala. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran tsarin ƙasa ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, kuma Abuja da jihohi irin su Kaduna da Kano sun mayar da bayanan filayensu cikin kwamfuta. Wannan ya rage ɓatan fayil da raba fili ɗaya ga mutum biyu, amma kwamfuta madubi kawai take gyarawa. Lamuni sai doka da asusun diyya.

Malami zai iya gwada darasin a aji. A zaɓi wata gona ta misali wadda ta kai shekara hamsin a hannun gida ɗaya, ɗalibai su lissafa duk mai wani hakki a kanta: magada maza da mata, wanda aka ba aro, wanda ya karɓi jingina, mai ɗiban 'ya'yan ɗorawar da ke tsakiya, Bafulatanin da ke shigo da shanu bayan girbi, da maƙwabcin da ke bi ta gefe zuwa rijiya. Sa'an nan a ba su shafi guda su rubuta gonar bisa ƙa'idar madubi, a ƙidaya mutum nawa suka shiga, nawa kuma suka rage a waje.