La Val, ƙauye a jikin dutse

A arewacin ƙasar Italiya akwai wasu manyan duwatsu da ake kira Dolomit. A tsakaninsu, cikin kwarin Val Badia, akwai wani ƙauye mai suna La Val. Ƙauyen yana bisa tudu, wajen mita 1350 sama da teku. Mutanensa wajen 1400 ne, kuma kusan dukkansu harshen Ladin suke yi. Wannan harshe daga Latin ya fito, harshen Rumawan dā, kamar Faransanci da Italiyanci. Masu jin sa duka-duka wajen mutum 30.000 ne.

Gidajen La Val ba wuri ɗaya suke ba. An gina su cikin ƙananan unguwanni da ake kira «viles». A kowace unguwa gidajen suna kusa da juna, don kada gini ya cinye filin noma. Ƙasan gida na dutse ne, samansa na katako. Kusa da gida akwai rumbun ciyawa, a ƙarƙashinsa kuma ɗakin shanu. A dā, mutanen unguwa tanderun burodi ɗaya gare su, wurin ɗiban ruwa ma ɗaya.

Babbar wahalar ƙauyen ita ce sanyi. Wata da watanni dusar ƙanƙara tana rufe ƙasa, shanu ba su samun abin ci a waje. Saboda haka, daga Yuni zuwa Agusta, iyali duka suna fita yankan ciyawa. Inda gangara ta yi tsanani, inji ba ya hawa, sai da dogon lauje. A shanya ciyawar, a juya ta, in ta bushe a kai ta rumbu. A lokacin nan ne ake kora wasu dabbobi makiyayar kan dutse. Wanda bai cika rumbunsa ba, tilas ya sayi ciyawa da tsada ko ya sayar da saniya.

A dā suna noman sha'ir da wake da dankalin turawa, amma amfanin bai cika isa ba. Shi ya sa al'adar ƙasar ta hana raba gona wajen gado. Mutum ɗaya ne yake gadon ta, ya biya ƴan'uwansa rabonsu. Sauran sai su koyi sana'a ko su tafi cin rani. Har yanzu akwai kafintoci da masaƙa a La Val. Manoma kuwa sun koma ga kiwo: madara suke sayarwa, da katako daga dajinsu.

Tun da aka buɗe hanyar kwarin a 1892, baƙi suka fara zuwa. Yau suna zuwa yawon duwatsu lokacin ɗumi, da wasan zamiya bisa ƙanƙara lokacin sanyi. Wasu manoma suna ba su hayar ɗaki. Samari da ƴan mata suna samun aiki a otel-otel na kwarin. Da kuɗin baƙi da na madara, mutum yana iya zama garinsu ba sai ya yi ƙaura ba.

Amma baƙin Jamusanci da Italiyanci suke yi. In yara suka saba da waɗannan kawai, Ladin zai ɓace. Makaranta ce take taimako. Tun 1948 ana koyar da rabin darussa da Italiyanci, rabi da Jamusanci, ana kuma karatu da rubutu da Ladin. Daga 1989 ana aiki da shi a ofisoshin hukuma. Yaron La Val yana gaida baƙo da harshen baƙo, ya koma gida ya yi hira da kakarsa da harshen gida.

Ma'anar kalmomi
Kwari: ƙasa mai zurfi tsakanin duwatsu.
Gangara: jikin tudu inda ƙasa take sauka.
Dusar ƙanƙara: farar ƙanƙara mai laushi da take zuba lokacin sanyi.

Tambayoyi
1. A wace ƙasa La Val yake?
2. Don me ake gina gidaje kusa da juna?
3. Me zai sami manomin da bai tara ciyawa ba?
4. Don me ba a raba gona wajen gado?
5. A garinku, wane abinci ake ajiye wa dabbobi don rani?
6. Da waɗanne harsuna kuke karatu a ajinku?