BABI NA TARA: KALLON GASAR BADIMINTON TA ƘASASHEN DUNIYA

9.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin kallo a dandalin dambe da kokawa, daga baya zamani ya kawo masa ƙwallon ƙafa. Akwai kuma wasannin da ba su yi tashe a ƙasar Hausa ba, amma suna tara dubban jama'a a wasu sassan duniya, musamman a nahiyar Asiya. Daga cikinsu akwai badiminton, wato wasan da ake buga wata 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu ta saman raga da mabugi mai saƙar igiya. Wannan babi zai yi bayani a kan abin da ɗan kallo yake gani idan ya zauna a zauren da ƙasashe ke karawa a wannan wasa, da abin da ya kamata ya sani kafin kallon ya yi masa ma'ana. An zaɓi wannan batu ne domin malamin Hausa yakan sami kansa cikin buƙatar bayyana baƙon abu da harshen gida. Idan ya kasa, ɗalibansa za su tashi da zaton cewa Hausa ba ta iya ɗaukar sabon ilimi.

9.1 Manufar Babi

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) ambata manyan gasannin badiminton na ƙasashe da shekarun da aka fara su;
(b) bayyana bambancin gasar ƙungiya da gasar da ɗan wasa ke shiga don kansa;
(c) siffanta karawa guda da Hausa tsantsa, yadda wanda bai gani ba zai fahimta.

9.2 Manyan Gasannin Ƙasashe

Gasanni uku ne suka fi fice. Ta farko ita ce Kofin Thomas, na maza. An sa masa sunan Sir George Thomas, shugaban farko na hukumar badiminton ta duniya, wadda aka kafa a shekarar 1934. An kammala gasar farko a Ingila a shekarar 1949, inda Malaya, wato ƙasar da Malesiya ta yau ta samo asali daga gare ta, ta doke Denmak. Ta biyu ita ce Kofin Uber, na mata, mai ɗauke da sunan 'yar wasan Ingila Betty Uber, wanda Amurka ta fara ɗauka a shekarar 1957. Tun daga shekarar 1984 ake gudanar da waɗannan gasanni biyu tare a gari ɗaya, sau ɗaya a cikin shekara biyu. Ta uku ita ce Kofin Sudirman, wanda maza da mata ke haɗuwa a ƙungiya guda. An fara shi a birnin Jakarta a shekarar 1989, kuma mai masaukin baƙi Indunusiya ce ta ɗauka.

9.3 Abin da Ido ke Gani daga Mazaunin 'Yan Kallo

Abu na farko da zai ba baƙo mamaki shi ne ƙanƙantar fagen. Tsawonsa mita 13.40 ne, faɗinsa mita 6.10, ragar da ta raba shi biyu kuwa tsayinta mita 1.55 ne a wajen sandunanta. A gefe da gefe akwai layuka biyu-biyu. Na ciki shi ne iyakar wasan ɗaiɗai, wanda ya rage faɗin zuwa mita 5.18, na waje kuma iyakar wasan bibbiyu. Wanda bai san wannan ba sai ya ga ƙwallo ta faɗi cikin fage an ce ta fita, ya ɗauka an yi rashin adalci.

Ita ƙwallon, gashin dinya ko na agwagwa guda 16 ake kafawa a kan wani ɗan dunƙulen toto, nauyinta kuma bai fi giram biyar da 'yan kai ba. Tana tashi da gudu mai tsanani, domin an taɓa auna bugun da ya haura kilomita 400 a awa ɗaya, amma gashin yana tare iska, sai gudun ya mutu nan da nan. Saboda rashin nauyinta, iskar na'urar sanyaya ɗaki kaɗai ta isa ta karkatar da ita. Shi ya sa ɗan kallo mai lura zai ga ɗan wasa ya yi fintinkau a wani ɓangaren fage, da an sauya ɓangare kuma ƙwallayensa su dinga wuce layin baya.

Alƙalin wasa yana zaune a kan doguwar kujera a gefen raga. A ɗaya gefen akwai mai lura da bugun farko, sannan masu duba layi suna kewaye da fage. A manyan gasanni ɗan wasa yana da damar ƙalubalantar hukuncin layi, sai a nuna inda ƙwallon ta sauka a babban allo, zaure ya yi tsit har sakamako ya fito. Masu horarwa suna zama a bayan fage, sauran 'yan ƙungiya kuma suna da nasu keɓantaccen wuri, inda suke tafi da kiran sunan ɗan'uwansu.

9.4 Tsarin Karawa da Ƙidayar Maki

Domin sauƙin bayani, za a yi amfani da kalmomi uku a nan. “Karawa” ita ce haɗuwar ƙasa da ƙasa. “Wasa” shi ne haɗuwar ɗan wasa da ɗan wasa, ko biyu da biyu. “Turmi” kuwa an aro shi daga dambe, yana nufin kashi guda na wasa.

A Kofin Thomas da na Uber, karawa guda ta ƙunshi wasa biyar: uku na ɗaiɗai, biyu na bibbiyu. Yawanci ana farawa da ɗaiɗai na farko, sai bibbiyu na farko, a ci gaba da sassaɓawa har a rufe da ɗaiɗai na uku. Ana jera 'yan wasa ne bisa matsayinsu a duniya, don haka wanda ya fi ƙarancin matsayi cikin ukun shi ke shiga ƙarshe. Ƙasashe 16 ake rabawa rukuni huɗu. A matakin rukuni ana buga wasanni biyar ɗin duka, amma a matakin sili-ɗaya-ƙwale, da zarar ƙasa ta ci uku karawa ta ƙare.

A tsarin ƙidayar da aka fara aiki da shi a shekarar 2006, wanda kuma da shi aka buga gasar da za a kawo misalinta a gaba, wanda ya ci turmi biyu cikin uku shi ya ci wasa. Turmi yana ƙarewa a maki 21. Idan aka yi kunnen doki a 20, sai wani ya ba da ratar maki biyu, in kuwa aka kai 29 da 29, wanda ya fara taka 30 ya ci. Ana hutun daƙiƙa 60 idan wani ya kai maki 11, da hutun minti biyu tsakanin turmi da turmi. Har ila yau, mai bugun farko yana tsayawa a dama idan makinsa cika ne, a hagu idan mara ne.

Wannan tsari shi ya bambanta kallon gasar ƙungiya da sauran kallo. Gwarzon duniya komai ƙwarewarsa, wasan ɗaiɗai ɗaya tak zai iya ciyo wa ƙasarsa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ɗan kallo yana bin ƙidaya iri biyu a lokaci guda: makin da ke kan allo, da lissafin wasannin da suka rage wa kowace ƙasa. Idan aka yi biyu da biyu, nauyin ƙasa baki ɗaya sai ya koma wuyan na ƙarshe, wanda sau da yawa sunansa bai kai na abokansa amo ba.

9.5 Misali: Kofin Thomas na Shekarar 2022

An gudanar da wannan gasa a watan Mayu na shekarar 2022 a zauren Impact Arena da ke gefen birnin Bankok na ƙasar Tailan. Indunusiya ce ke riƙe da kofin, kuma ta riga ta ɗauke shi sau 14. Indiya kuwa ba ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe ba, har ma Taiwan ta doke ta da ci 3 da 2 a matakin rukuni.

A zagayen ƙasashe takwas Indiya ta haɗu da Malesiya, aka yi biyu da biyu, sai H. S. Prannoy ya shiga ya ci wasa na biyar. A karawar kusa da ta ƙarshe da Denmak aka sake yin biyu da biyu. Prannoy ya zame ya ji ciwo a idon sawu, Rasmus Gemke ya cinye shi a turmin farko, amma ya daure ya ci turmi biyu da suka biyo baya.

Ranar 15 ga Mayu aka yi karawar ƙarshe. Anthony Ginting na Indunusiya ya lallasa Lakshya Sen da 21 da 8 a turmin farko, kamar ba za a daɗe ba. Sen ya farfaɗo ya ci 21 da 17, sannan 21 da 16. A wasan bibbiyu, Mohammad Ahsan da Kevin Sanjaya Sukamuljo suka ci turmin farko, a na biyu kuma sau huɗu suna kaiwa matakin da maki ɗaya tak ya rage musu su kammala. Satwiksairaj Rankireddy da Chirag Shetty suka hana su duk sau huɗun, suka ci 23 da 21, suka ƙara da 21 da 19. Daga nan Kidambi Srikanth ya doke Jonatan Christie da 21 da 15, da 23 da 21. Indiya ta ci 3 da nema, ta zama ƙasa ta shida da ta taɓa ɗaukar kofin.

Abin lura a nan shi ne, Prannoy da ya ceci ƙasarsa sau biyu bai taka fage ba a ranar ƙarshe, domin karawa ta ƙare kafin a zo kansa. Wanda ya kalli ranar ƙarshe kaɗai ba zai san gudummawarsa ba. Haka kuma, wanda ya tashi bayan turmin farko na Ginting zai tafi da labarin da ba shi ne ya tabbata ba, don ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

9.6 Amfanin Wannan Nazari ga Malami

Rubutun siffantawa yana bukatar ido mai lura da kuma sanin ƙa'idar abin da ake siffantawa. Ɗalibin da ya rubuta cewa “an yi wasa mai daɗi, jama'a sun yi ihu” bai gaya wa mai karatu komai ba. Aikin malami ne ya nuna masa yadda zai faɗi wanda ya shiga, da abin da ya rage wa ƙasarsa a lokacin, da dalilin da ya sa zaure ya yi tsit ko ya kaure. Bugu da ƙari, malami ya fara neman kalma a cikin rayuwar Bahaushe, kamar yadda aka ɗauko turmi daga dambe, kafin ya koma ga aro. Wasan ma ba baƙo ba ne ga Nijeriya, domin Mariam Eniola Bolaji ta ciyo lambar tagulla a badiminton a gasar nakasassu ta duniya da aka yi a birnin Faris a shekarar 2024.

9.7 Kammalawa

A wannan babi an kawo tarihin manyan gasannin badiminton na ƙasashe, da yanayin fage da ma'aikatansa, da tsarin wasanni biyar da ƙidayar maki. An kuma nuna, ta hanyar gasar shekarar 2022, cewa fahimtar tsarin karawa ita ke ba ɗan kallo damar bayar da sahihin labarin abin da ya gani.

9.8 Tambayoyin Bita

1. Kawo sunayen gasanni uku na ƙasashe tare da shekarun da aka fara ɗaukar kofunansu.
2. Bambanta tsakanin karawa da wasa da turmi.
3. Me ya sa wasa na biyar yake da muhimmanci a gasar ƙungiya? Kafa hujja da gasar shekarar 2022.
4. Kalli wani wasa a makarantarku ko a garinku, ka siffanta shi cikin kalmomi 300 ba tare da amfani da kalmar Ingilishi ba.