YADDA AKE ƘERA DANDAMALIN ƊAUKAR KAYA GA TSOHUWAR TARAKTA

Manoma da yawa suna da tsohuwar tarakta, amma ba su da halin sayen tirela. Saboda haka sukan ɗora buhunan taki a kan murfin taya ko a kan garma, abin da kan jawo hasarar kaya, wani lokaci har da ta rai. Maganin wannan shi ne dandamalin ɗaukar kaya, wanda kowane ƙwararren mai walda zai iya ƙerawa.

Tarakta irin Massey Ferguson 135, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1964 zuwa 1975, tana da hannuwa uku a baya, biyu a ƙasa, ɗaya a sama. A nan ake maƙala garma, a nan kuma za a maƙala dandamalin.

Yadda Ake Aikin

1. A sami ƙarfe mai kusurwa, mai kaurin milimita 6, a haɗa gindin dandamalin. Faɗinsa ya kai santimita 120, tsawonsa zuwa baya kuwa kada ya wuce santimita 90.
2. A tsayar da bango na ƙarfe ta wajen tarakta, a tokare shi da ƙarafa biyu a karkace.
3. A liƙa ƙusoshi biyu masu kaurin milimita 22 a ƙasan bangon, da tazarar kimanin santimita 68 tsakaninsu. Ƙusar hannun sama kuwa milimita 19 ce.
4. A shimfiɗa katako mai ƙwari, a ɗaure da noti, sannan a shafa wa ƙarfen fenti don gudun tsatsa.

Gargaɗi

Babban haɗarin dandamali shi ne nauyi. Duk sa'ad da kaya suka yi nisa da tayoyin baya, sai gaban tarakta ya yi sauƙi, sitiyari ya ƙi jin magana, har ta iya kifewa ta baya a kan hawa. Don haka wajibi ne manomi ya jera kaya mafi nauyi kusa da bango, ya ɗaure su da igiya, ya rataya ƙarfen nauyi a gaban tarakta. Buhu shida na taki, watau kilo 300, sun isa tafiya guda. Ya riƙa tafiya sannu, dandamali yana kusa da ƙasa.

Dandamali na kaya ne, ba na mutane ba. Kada a kuskura a ɗora yara a kai. Rigakafi ya fi magani.